Allurar ciwon sukari ba ta walis ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da maniyyata da masu zuwa Umra, musamman tsofaffinmu masu ciwon sukari da ke yi ma kansu allurar insulin kullum. Da yawa sun ji dokar nan ta hawa jirgin sama da anka kafa tun 2006, wadda ta ce kayan ruwa-ruwa kar su wuce mililita 100 cikin jakar hannu, shi ke nan sai tsoro ya kama su su tura maganinsu duka cikin babbar walis. To magani an keɓe shi daga wannan doka, ana barin mutum ya hau jirgi da shi har da allurai, kawai ka fiddo ka nuna ma masu bincike tun ba su tambaya ba.

Ita walis can ƙasan jirgi take tafiya inda sanyi ke iya yin yawa, insulin kuwa in ta daskare ta mutu ko da ta narke daga baya. Balle walis ta maƙale wani wuri. Gwaggona haka ta faru da ita, yaron ajans ne ya ce mata "Hajiya duk wata kwalba a sa ta ciki", ta sauka Madina kayanta ba su iso ba, da ba don wata maƙwabciyarta mai irin maganin ba da sai dai asibiti.

Abin da za a riƙe shi ne ordonans ta likita, wato takardar magani, mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, in da hali a rubuta ta da Ingilishi ma don ba kowa ke jin Faransanci a Jidda ba, kuma a bar magani cikin kwalinsa na farmasi. Mu ƴan Tawa ma matsalarmu ta fara tun kafin filin jirgin Diori Hamani, hanyar Yamai ta fi kilomita 500 cikin zafi, insulin ba ta son abin da ya wuce digiri 30, sai a sa ta ƴar glasiyar amma a naɗe da tawul kar ta taɓa ƙanƙara. Saudiyya ta riga mu da awa 2, a tambayi likita yadda za a gyara lokacin allura.

Ina roƙon COHO, hukumar shirya Hajji da Umra ta Nijar, ta sa wannan bayani cikin bitar alhazai, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek.

Mai karatunku daga Tawa.