Karena yana jin magana a gida, a waje kuma sai ya toshe kunne

Assalamu alaikum Likita,

Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya kuma fama da tambayoyinmu. Ina bin shafinka na lafiyar dabbobi, shi ya sa na kawo maka kukana.

Ina da kare namiji, jinsin Jaman Shefad, watansa tara yanzu. Tun yana kwikwiyo nake koya masa umarni huɗu: zauna, kwanta, tsaya, da zo. Ba na dukansa. Idan ya yi daidai sai in ce "yauwa", in miƙa masa ɗan guntun nama nan take, domin na karanta cewa idan ladan ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, kare ba ya gane abin da aka saka masa a kai. A cikin gida ko yatsa na ɗaga zai zauna, ya kafe ni da ido yana jira.

Da zarar mun fita ƙofa sai ya zama wani kare daban. Hanci a ƙasa, igiya a miƙe. Idan na ce "zauna", ina ganin kunnensa ɗaya ya juyo wajena, wato ya ji sarai, amma ko waiwaye ba ya yi. Idan kuwa ya hango wani kare ko yara suna guje-guje, jikinsa sai ya sandare, wutsiya ta tashi. Na taɓa kai masa naman har bakinsa a irin wannan yanayi, ya kawar da kai. Wannan ne ya fi damuna, domin idan abin da nake biyansa da shi ya daina yi masa daɗi, da me zan jawo hankalinsa?

Ni dai ban yarda taurin kai ba ne. An ce kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri ɗaya ya kai shi wani wuri da kansa. "Zauna" da ya koya a tsakar gida, a wurinsa ta tsakar gida ce kawai, sai an sake koya masa ita a bakin titi kamar daga farko. Na kuma ga labarin wani bincike da Dokta Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da ke Ingila ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, inda aka gano cewa karnuka 'yan wata takwas sun fi yi wa mai kula da su kunnen ƙashi fiye da lokacin da suke wata biyar, alhali suna yi wa baƙo biyayya. To, nawa yana tsakiyar wannan shekarun na balaga. Shin haƙuri zan yi har ya wuce su, ko kuwa jiran zai sa halin ya zauna masa?

Masu horar da karnuka suna cewa abu uku ake ƙarawa a hankali: nisan da ke tsakaninka da karen, tsawon lokacin da zai riƙe umarnin, da yawan abubuwan ɗauke hankali, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ƙara su. A takarda abin da sauƙi. Amma titi ba ya jiran tsarina. Ina cikin koya masa "tsaya" sai ga babur, sai ga mage ta gilma. Yaya zan gane nisan da ya kamata in tsayar da shi daga wani kare har ya iya saurarena? Kuma idan na faɗi umarni sau ɗaya bai yi ba, in maimaita ne, ko in ja shi baya in sake gwadawa? Ina tsoron kada yawan maimaitawa ya koya masa cewa kalmar farko ba ta da nauyi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne "zo". Karen babba ne, ƙarfinsa yana ƙaruwa, kuma ranar da igiya za ta kuɓuce mini kusa da motoci, wannan kalmar ce kaɗai za ta dawo da shi. Doguwar igiya mai mita goma za ta isa a yi wannan horon? Ta wace alama zan san ya kai a sake shi?

Wani abokina yana ta matsa mini in saya masa abin wuya mai jan lantarki, wai cikin kwana kaɗan zai miƙe. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba, musamman da na ji cewa yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010. Ina so in ji ra'ayinka a kai a matsayinka na likita, ka kuma faɗa mini ko lokaci ya yi da zan nemi ƙwararren mai horarwa, da abin da zan duba kafin in damƙa masa karen.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai bin shafinka a kullum