Masu Manyan Masana'antu Su Buɗe wa Matasan Fasaha Ƙofa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga masu masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa game da ƙananan kamfanonin fasaha da matasanmu ke kafawa.

Tun watan Oktoban 2022 aka sa hannu a kan dokar tallafa wa irin waɗannan kamfanoni a Najeriya, wadda ta tanadi rangwamen haraji da asusun jari. Sai dai abin da matashin da ya ƙirƙiro manhaja ya fi buƙata shi ne babban abokin ciniki na farko da zai gwada aikinsa, ya kuma biya shi, kuma wannan yana hannun 'yan kasuwa.

Mu dubi harkar tumatir. Masana'antar Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen tumatir, tun daga shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonaki. Amma duk wanda ya je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa ya ga kwanduna jere cikin rana, ruwan tumatir na tsiyaya daga gindinsu, manomi na sallamawa a kan farashin da ko kuɗin mota bai mayar masa ba. Tsakanin gonar da injin akwai ayyukan da babban kamfani ke jin nauyin yi, ƙarami kuwa ya iya su: rajistar manoma ta waya, sanin ranar da kowace gona za ta nuna, haɗa lodi da direbobi, da tura wa manomi kuɗinsa nan take. Kamfanin ColdHubs ya riga ya nuna cewa ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana yana tsawaita kwanakin kayan gwari. Babban kamfani kuma yana da jari, motoci da sunan da banki ke yarda da shi.

A Legas an ga amfanin irin wannan haɗuwa, domin a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wani kamfanin biyan kuɗi ta intanet da matasan Najeriya suka kafa, bayan ya fara zuba jari a cikinsa.

Haɗin gwiwar tana buƙatar amana. Ya kamata a rubuta yarjejeniya kafin matashi ya bayyana sirrin aikinsa, a kuma biya shi a kan lokaci, domin jinkirin wata uku, wanda attajiri ba zai ji a jikinsa ba, ya isa ya rufe ƙaramin kamfani. Su ma matasan wajibi ne su yi rajista da hukumar yi wa kamfanoni rajista ta CAC, su riƙa adana lissafinsu a rubuce.

Ina kira ga ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, wato KACCIMA, da ta ware rana guda a bajekolin Kano mai zuwa, inda masu masana'antu za su faɗi matsalolinsu, a ba matasan da suka kawo mafita kwangilar gwaji ta wata shida.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano