Zuwa ga mutumina na Jidda

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ta'aziyyarka ta iso, saƙon da ka aiko wa Hajiya ma ya shiga hannunta, ta yi ta sa maka albarka har na fara kishi. Shirun da ka ji ba wulaƙanci ba ne. Tun da aka share makokin Baba nake yawon neman abu ɗaya: ya bar wasiyya ko bai bari ba?

Ka san ba don kaina ba ne. 'Ya'yan marigayi Yaya Babba ne suka hana ni barci. Tunda ubansu ya riga Baba rasuwa, mu baffanninsu mun shamakance su, ko sisi ba su da shi a gadon. Ƙofar da ta rage musu ita ce wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi, bayan an fitar da kuɗin jana'iza an biya bashi. Kuma sau nawa Baba yana cewa a gabanmu, filin Rigasa na marayun nan ne? Yanzu kowa ya zama kurma.

Mun fasa akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonsa, wanda ka taɓa shan mari a kansa. Me ke ciki? Katin aikinsa na masaƙa a Kakuri, rasit ɗin wuta tun zamanin NEPA an ɗaure da kyauro, hoton Hajiya tana amarya, sai wani littafin 'yan makaranta mai jan bango. Gabana ya faɗi, na ce ga ta nan. Ashe lissafin bashi ne, rabi da ajami rabi da boko. Wanda yake bi shafi guda, wanda ake binsa shafi guda, har da naira 3,500 na mai nama, ya ja layi biyu a ƙasa. Na zauna a bakin gadon na yi kuka sosai. Mutumin da bai manta da mai nama ba, ya za a yi ya manta da jikokinsa?

Wani lauya a masallacin Sultan Bello ya ce in je Babbar Kotu, akwai sashen da masu rubuta wasiyya ke kai ta ajiya a rufe, sai bayan rai ya yi halinsa a buɗe a gaban iyali. Sai da na karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya, na rubuta takardar neman a duba. Aka duba, babu sunan Baba. Lauyan bai yi mamaki ba, ya ce tsofaffinmu a kunnen liman ko amini suke barin tasu. Shi ne kuma ya warware min wani ruɗu: sunana da Baba ya sa a fom ɗin banki a matsayin makusanci bai ba ni ko kwabo ba, sai an kawo takardar kotu kafin a taɓa kuɗin. Ka gaya wa ƙaninka ya daina kirana Alhajin banki.

Ana cikin haka Anti, kishiyar Hajiya, ta tayar da tata, wai Baba ya ce ɗakunan haya na Tudun Wada nata ne. Liman ya yi mata bayani a hankali: babu wasiyya ga mai gado sai in sauran magada sun yarda, in kuwa kyauta ce, to sai in ta karɓa ta riƙe tun yana da rai da lafiya. Ita kuwa ko kuɗin haya ba ta taɓa karɓa ba. Tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, shi ne nasu ita da Hajiya, su raba biyu. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata da kyau, tuwona ma ya ragu.

Af, na ga hotonka a Facebook da jallabiya. Wannan tumbin na kabsa ne ko na riyal? In ka dawo a haka ba za ka shiga keke Napep ba, sai dai mu ɗauko maka a-kori-kura. Garin ma ba za ka gane shi ba, ka zo ka ga gadar Kawo.

To ga dalilin wasiƙar. Liman ya ce shi ya ji maganar filin daga bakin Baba, zai faɗa a gaban alƙali a Magajin Gari. Amma shi kaɗai ne, 'yan'uwana kuma sun ce tsufa ya kama shi. A hajjin 2019 Baba ya kwana gidanka, Hajiya ta ce kun raba dare kuna hira. Don Allah ka tuna da kyau, ya ambaci filin? Abin da ka ji kawai nake so, kada ka ƙara ko harafi don ka faranta min. In bai faɗa ba, zan cire musu daga rabona, in ga wanda zai ji kunya ya biyo ni.

Gwauron layinmu ya yi aure, kuma ba wadda muke zato ba, ƙanwarta! Labarin ba na takarda ba ne, kira ni bayan isha'i. Hajiya na gaishe ka, ta ce dabinon bara ya ƙare.

Naka,
Mutuminka na Tudun Wada