Kukanmu ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi kan kufan Surame

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Mai Alfarma, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka na ƙauyukan da ke kewaye da Surame a ƙaramar hukumar Binji, manoma da makiyaya da malaman makaranta, mun kawo kuka kan ganuwar Kanta da ke ta zubewa muna ji muna gani.

Ranka ya daɗe ka fi mu sanin tarihin nan. Muhammadu Kanta ne ya gina birnin kusa da gulbin Rima bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai wajen 1516, kan rabon ganimar yaƙin Agadas, Songhai suka biyo shi da runduna amma ya gagare su haka suka juya. Nan ne hedikwatar Kabi har wajen 1700 da aka koma Birnin Kebbi. Kuma ginin nan fa da dutse aka yi shi, an jera an ɗora har yau idan ka tsaya gindin bangon sai ka ga yadda magina suka daidaita kowane dutse da hannu, a ƙasar Hausa da aka saba da ginin tubali wallahi wannan abin alfahari ne.

Tun 1964 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma sunansa ya shiga jerin masu jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, to amma a ƙasa fa saiwar itatuwa ta ratsa bango tana tsaga shi, kowace damina sai wani ɓangare ya zube, wasu kuma har da namu, gaskiya ce sai an faɗa, suna zuwa da amalanke suna kwasar duwatsun su yi fandishon ɗaki. Yaranmu sun san sunan Kanta a gidan tarihi na Argungu amma da yawa ba su taɓa taka birninsa ba saboda hanya.

Muna roƙon Mai Alfarma ya umurci hakimai da masu gari su hana ɗibar dutse, ya kuma sa baki wajen gwamnatin jiha da hukumar kula da kayan tarihi a sa masu gadi daga cikin matasanmu, a gyara hanya. Sharar ciyawa da sare itatuwan kan bango mu za mu yi da gayya in an turo masana su nuna mana inda za a taɓa.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi.

Naka masu biyayya,
Al'ummar kewayen Surame