Bashin sefa 40,000 da na'ura ta ɗora wa wanda bai ci ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai rubuta manhaja ne a Garwa, arewacin Kamaru. Ina da ɗan shago kusa da babbar kasuwa, da yara uku masu koyon aiki a hannuna, biyu daga cikinsu sun yi karatu a Ngaundare. Wani abu ya same mu bara da nake so matasan wannan sana'a a Marwa da Njamena, har Yola da Kano, su ji.

Wani Alhaji mai sarin masara da gyaɗa ya ba mu aikin shafin da zai riƙa rubuta masu bashi. Muka gina shi da Vue, wani kayan aikin gina shafukan intanet wanda Evan You ya fitar a 2014. Daɗin Vue, da takwaransa React na Facebook, shi ne da zarar bayani ya canza, shafin yakan gyara kansa, ba sai an sake buɗe shi ba. To, a nan ramin yake. Yaron da ya rubuta jerin sunayen ya yi amfani da v-for, umarnin Vue na jera layuka, amma bai ba kowane layi key ba, wato shaidar da za a gane shi da ita. In babu ita, Vue ba ya matsar da layuka. Yakan bar su inda suke, ya sauya sunayen kawai. Wata Asabar yaron shagon Alhaji ya buga sefa 40,000 a gaban sunan wani, kafin ya adana sai ya goge na samansa da ya gama biya. Sunaye suka hau sama, kuɗi suka tsaya a wurinsu, suka faɗa kan wani bawan Allah da ko buhu ɗaya bai ɗauka ba. Alhaji ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Malam, na'urarka ta fara ƙazafi." Ban sami abin cewa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai kayan aiki na kyauta da zai kama wannan kuskure tun yaron da ya rubuta jerin bai tashi daga kujera ba. Sunansa ESLint, Nicholas Zakas ya ƙirƙire shi a 2013. Yana bin rubutun manhaja layi-layi ba tare da ya kunna ta ba, ya ja jan layi inda aka saɓa ƙa'ida. In ka haɗa shi da eslint-plugin-vue, wato ƙarin dokokinsa na Vue, dokar require-v-for-key mai kama rashin key tana cikin na farko-farko. Kakansa kuwa wata manhaja ce mai suna lint da Stephen Johnson ya rubuta a 1978 a Amurka, kuma kalmar tana nufin ɓurɓushin zare da ke maƙalewa a tufa. Mu da muke zaune a ƙasar auduga ba sai an yi mana bayani ba.

Daga nan kuma na yi nawa wautar. Don haushi na kunna duk dokar da na gani, na sa kowace a matsayin kuskure. Gari ya waye allon kowa ja wur, ɗaruruwan ƙorafi, yawancinsu kan waƙafi da tazarar layi. Ba a yi mako ba na tarar yaran sun liƙa eslint-disable, umarnin kashe ESLint, a saman kowane fayil, sun toshe wa mai gadi baki ke nan. Ban ga laifinsu ba. Wanda ake yi wa faɗa kan komai, ranar da aka ce gobara ma ba zai waiwaya ba.

Sai muka zauna mu huɗu da shayi muka tace. Kowace doka mataki uku gare ta: a kashe ta, ta yi gargaɗi, ko ta tsayar da aiki. Na ukun mun keɓe shi ga abin da zai cuci mai kaya, irin rashin key ɗin nan, da no-mutating-props, mai hana ƙaramin ɓangaren shafi taɓa bayanin da babba ya ara masa. Sunan da aka ajiye ba a yi amfani da shi ba, gargaɗi ya isa. Rigimar waƙafi da tazara muka miƙa wa Prettier, manhajar da ke daidaita tsarin rubutu da kanta, kowa ya huta. Masu React su riƙe dokokin rules-of-hooks da exhaustive-deps. Ta biyun tana da mita, amma sau da yawa ita ke da gaskiya.

Mai koyo ya lura: tun ESLint 9 na 2024, a fayil ɗin eslint.config.js ake rubuta dokoki. Tsofaffin bidiyon Faransanci da yaranmu ke kallo har yanzu tsohon fayil ɗin .eslintrc suke nunawa, ɗaya daga cikin nawa ya kwana biyu yana zargin kwamfutarsa. Kuma da zarar ka sauke ESLint, ba ya cin data, ko intanet ta ɗauke yana aiki.

Roƙona ga malaman da ke koyar da wannan fanni, su sa shi a makon farko, ba sai ɗalibi ya kusa fita ba. Alhaji dai ya yafe mana, yana amfani da shafin, amma har yau tsohon littafinsa na bashi yana nan a gefen sikeli, kuma shi yake fara buɗewa.

Naku,
Mai karatunku daga Garwa, Kamaru