A Tuna da Rumbun Gwauraye Kafin a Sayi Sabuwar Lasifika

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka sam mini ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyayenmu dattawan ikilisiya, musamman na karkara. Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a wata ƙaramar ikilisiya a yankin Malumfashi, jihar Katsina, kuma littafin shiga da fita a hannuna yake.

Jama'a sun san mu da anko da waƙa da buga tulu ranar Lahadi, amma yawancin aikinmu a tsakiyar mako yake. Da kaka kowace mace takan kawo tiya ɗaya ko biyu ta dawa ko masara, mu zuba a rumbun da ke bayan gidan fasto. Ba ma taɓa shi sai wajen watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba. In an kwantar da wani a asibiti mukan raba kwanan jinya, wannan ta kai kunu yau, waccan ta wanke kaya gobe. In an yi rasuwa, mu ne a bakin murhu har a watse.

Akwai wata tsohuwa, gwauruwa, da ba ta zuwa karɓar rabonta sai magariba ta yi, ta ɓoye ƙwaryar a ƙarƙashin mayafi don kada jikokin kishiyarta su gani. Da muka lura, sai muka daina kiran sunaye a majami'a. Yanzu mace biyu ke ɗauka su kai wa kowa har ɗaki da dare, su zauna a ɗan yi hira. Dama zumunta a ƙafa take. Kuma ba mu taɓa tambayar mai yunwa addininsa ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna cikin masu samu, kamar yadda naman layyarsu ke shigowa gidajenmu da babbar salla.

To amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, taki ya gagari mata da yawa, ga kuma 'yan'uwa da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suka raɓu da mu. Rumbun da kan kai mu bakin kaka yanzu tun kafin gero ya fid da kai ya ƙare. Muka je gaban dattawa muka roƙi a ɗan yanko mana daga baikon Lahadi, wato kuɗin da ake tarawa a majami'a. Aka ce mu yi haƙuri mu ci gaba da addu'a, wai kuɗin na tayil ne da sabuwar lasifika. Rufin da ke yoyo lallai a gyara shi, albashin fasto ma bai taka kara ya karya ba, wannan ban ja ba. Amma majami'ar da na baya ke jin tarin na gaba, me za ta yi da ƙarin lasifika?

Babanninmu, kun fi ni sanin Littafi Mai Tsarki. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a je a yi addu'a kawai ba, sai da aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin. Waɗanda suka kawo bishara Wusasa da Garkida ma, asibiti da makaranta suka kafa tare da ɗakin sujada.

Roƙona shi ne a ware wa gwauraye da marayu da marasa lafiya kaso sananne a kasafin shekara, a rubuce, a riƙa karanta rahotonsa a gaban jama'a yadda ake karanta na gini. A sa mata a kwamitin da ke raba kuɗin, don mu ke shiga ɗakuna mu ga tukunyar da ba a ɗora ba. Maza da matasa kuma su ɗauki gonar ikilisiya su noma ta da gayya, amfanin ya shiga rumbu. In dattawa na son ganin lissafi kafin taron ƙarshen shekara, a aiko, zan kawo littafin da kaina.

Na gode.

Wata 'yar Zumuntar Mata,
daga yankin Malumfashi