A yi hattara da baƙar robar tsofaffin kayan lantarki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja kunnen jama'a, tunda ɗari ya kama a Tawa, kowa na neman abin ɗuma ruwa ko shimfiɗa. A cikin kayan gwanjon Turai akan tsinci tsofaffin kayan lantarki masu jikin roba baƙa ko ruwan ƙasa, mai tauri da nauyi. Sunanta Bakelite. Leo Baekeland, haifaffen Beljiyam, ya haɗa ta a Amurka a 1907. Da ita aka yi jikin rediyo, tarho, hannun dutsen guga, har da abin ɗuma gado mai siffar gorar ruwan zafi, wanda ake turawa ƙarƙashin bargo.

Wannan roba ba ta narkewa, kuma nan ruɗin yake. Robar yanzu in ta ji wuta sai ta lanƙwashe, ta yi wari, mai ita ya farga. Ita kuwa Bakelite ƙonewa take a hankali ta zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar kuran. Baƙin tabo ɗaya tsakanin ƙusoshin waya biyu ya isa wuta ta riƙa bi ta nan. Goge shi ba magani ba ne.

Yawancin masu ɗuma gadon nan ba su da abin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, ba su da wayar ƙasa. Wasu an naɗe wayar zafinsu da asbestos, wani zare mai jure wuta, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka kada a buɗe su a gida. Igiyar kuwa, mai rigar zare, a lanƙwasa ta da yatsu: in aka ji tana ƙas-ƙas, robar ciki ta dagargaje.

Sai a karanta rubutun da ke gindin kayan. Wutarmu volt 220 ce. Kayan Amurka na volt 110 in an sa shi a priz kai tsaye, zafinsa ninki huɗu yake yi, nan take ya ƙone.

Sabuwar butar roba mai dafa ruwa da lantarki ma ba a sake jiki da ita. Mai wat 2000 tana jan amper 9, alhali siririyar ralonj ɗin kasuwa da ƙyar take ɗaukar 6. A jona ta a priz ɗin bango ita kaɗai, kuma kada a kunna ta sai ruwa ya rufe ƙarfen ciki.

Wasu masu gyaran kayan lantarki, Tawa